Idan Mai Laifi Ya Buɗe Baki, Wa Zai Saurare Shi?

 

A wannan fitowar muna so mu taɓo wata magana da ta daɗe tana damun ƙananan ikkilisiyoyinmu, amma ba kasafai ake ɗaga ta a taro ba. Maganar ita ce: me muke yi da mutumin da ya yi laifi, lamirinsa ya hana shi barci, ya zo yana so ya faɗa?

Abin da ya tsokano maganar wani tsohon littafi ne na Turanci da ya faɗo hannunmu daga tarin littattafan gwanjo, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi. Bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja, a shafin farko akwai hatimin laburaren wata makaranta ta Amurka. Kuɗinsa bai kai na mudun gero ba. Sunansa A Separate Peace. A bakin masu harkar yaƙi, wannan suna yana nufin sulhun da ƙasa ɗaya ta ƙulla da abokan gaba ita kaɗai, ta bar ƙawayenta suna fafatawa.

John Knowles ne ya rubuta shi, Ba'amurke da aka haifa a 1926 a garin Fairmont na jihar West Virginia, ya rasu a 2001. Ya yi karatu a makarantar kwana ta Phillips Exeter da ke jihar New Hampshire a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ya wuce jami'ar Yale. An fara buga littafin a Landan a 1959, sannan a Amurka a 1960, aka kuma yi fim ɗinsa a 1972. An daɗe ana karantar da shi a makarantun sakandare na Amurka.

Wani dattijo zai iya cewa, me ya haɗa mujallar ikkilisiya da ƙagaggen labarin Turawa? Tambayar tana kan hanya, domin littafin ba na addini ba ne, ba kuma za mu ce kowa ya je ya nema ba. Sai dai mu tuna, sa'ad da Ubangiji ya aiki annabi Natan wurin sarki Dawuda, labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa ya ba shi, sai da Dawuda ya yanke wa mutumin labarin hukunci kafin ya gane kansa ya hukunta (2 Sama'ila 12). Labari yakan shiga inda wa'azi ya tarar da ƙofa a kulle.

Ga yadda labarin yake

A bazarar 1942, Amurka tana cikin yaƙi, yara biyu 'yan shekara 16 suna ɗaki ɗaya a wata makarantar kwana da marubucin ya kira Devon. Ɗaya sunansa Gene, mai ƙwazon karatu, marar yawan magana, kuma shi ne mai ba da labarin. Ɗayan Phineas, ana ce masa Finny, gwanin wasanni, mai farin jini, wanda ko ya karya dokar makaranta yakan lallaɓa malamai da baki har su yi dariya su ƙyale shi. Aminai ne, kullum suna tare.

A bakin kogin makarantar akwai wata doguwar bishiya da manyan ɗalibai suke hawa su yi tsalle cikin ruwa, don shirin zuwa soja. Finny ya mai da wannan tsalle wasan kowane dare. Akwai ma ranar da Gene ya kusa zamewa daga kan reshen, Finny ya cafke hannunsa ya cece shi.

Amma a hankali wani tunani ya shiga zuciyar Gene. Bayan ya faɗi wata jarrabawar lissafi, sai ya raya a ransa cewa da gangan Finny yake jan sa zuwa wasa don kada ya zo na ɗaya a aji. Ya riƙe wannan zato, yana dariya da abokinsa a fili, yana gasa da shi a ɓoye. Wata rana da yamma ya ce yana da karatu, Finny kuwa ya ce masa da zuciya ɗaya ya zauna ya yi karatunsa, wasa ba dole ba ne. Nan take Gene ya gane Finny bai taɓa yin kishinsa ba, shi kaɗai yake ta yaƙinsa. Maimakon wannan ya sanyaya masa rai, sai ya ƙara masa ɗaci, gama ya ga abokin ya fi shi har a tsabtar zuciya. A wannan maraicen suka hau bishiyar tare don su yi tsalle lokaci ɗaya. Finny yana gaba a kan reshen, Gene ya lanƙwasa gwiwa, reshen ya girgiza, Finny ya faɗo a gaɓar kogi, ƙafarsa ta ragargaje. Likita ya ce shi da wasanni har abada.

Sau biyu Gene ya yi ƙoƙarin faɗin gaskiya. Na fari a asibitin makaranta, likita ya shigo ya katse maganar. Na biyu ya bi Finny har gidansu kusa da birnin Boston, ya ce masa shi ya girgiza reshen. Finny ya fusata, ya ƙi yarda, ya hana shi ci gaba da maganar. Gene ya ga furcin nasa yana ƙara wa majiyyacin ciwo, sai ya janye. Suka koma makaranta suka ci gaba da abota a kan maganar da aka binne da ranta.

Watanni suka wuce, sai wani ɗalibi mai suna Brinker, mai son a bi doka da oda, ya ga lallai sai an tono gaskiya. Wata rana da dare ya tara ɗalibai a zauren taro, aka kawo Gene da Finny, aka kafa kotu. Aka kira shaida, wani yaro da ake kira Leper, wanda ya shiga soja hankalinsa ya taɓu ya gudo. Ya faɗi abin da ya gani daga gindin bishiyar. Finny ya kasa jurewa, ya fita a guje yana kuka, ya zame a kan matakalar dutse, ƙafar nan ta sake karyewa.

Washegari da safe su biyun suka yi maganar da ya kamata su yi tun farko. Gene ya amsa laifinsa, ya ce wani makahon abu ne ya taso masa daga ciki, ba ƙiyayya ce da ya zauna ya shirya ba. Finny ya yarda da shi, ya yafe. A wannan ranar, ana cikin gyara ƙashin, ɓargo ya shiga jininsa ya tafi zuciya, ya mutu. Bayan shekara 15 Gene ya koma makarantar, ba don komai ba sai don ya ga wurare biyu: bishiyar da matakalar.

Da gangan ne ko kuskure?

Masu karatu sun daɗe suna gardama a kan wannan tambaya, littafin kuma bai raba gardamar ba. Shi kansa Gene ba zai iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Bai hau bishiyar da shirin kashe kowa ba, amma kuma ƙafarsa ba zamewa ta yi ba. Hassadar da ya yi makonni yana kiwo ce ta sami ƙofa na ƙiftawar ido.

A ganinmu nan ne littafin ya faɗi gaskiyar da Littafi Mai Tsarki ya riga shi faɗa. Annabi Irmiya ya nuna zuciyar mutum mayaudariya ce, har mai ita ba ya gane ta (Irmiya 17:9). Manzo Bulus ya yi kukan cewa abin da ba ya so shi yake samun kansa yana yi (Romawa 7). Shari'ar Musa ta tanadi hadaya domin zunubin da aka yi ba da sani ba (Littafin Firistoci 4), ta kuma ware biranen mafaka 6 domin wanda ya kashe mutum ba da niyya ba (Littafin Ƙidaya 35). Ashe Allah ya san akwai laifin da yake tsakanin ganganci da kuskure, bai kuma ce ba laifi ba ne, hanyar fita ya buɗe masa.

Yawancin laifofin da suke raba kawunanmu irin wannan ne. Kalma ɗaya da aka jefa a taron majalisa a kan mai bishara, wadda ta sa aka ɗauke shi daga wurin aikinsa. Shirun da aka yi sa'ad da ake ɓata sunan wata a zumuntar mata, alhali an san ƙarya ce. Takardar neman taimakon karatu ta ɗan wani da aka "manta" a aljihu har lokaci ya wuce. In ka tambayi mai yin, zai ce bai yi nufi ba, ba kuma ƙarya tsagwaronta ya yi ba. Amma ya san abin da yake ransa game da mutumin tun kafin ranar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Irin waɗannan mutane suna nan a bencinmu kowace Lahadi, wasu suna bi da waƙa, wasu suna karɓar baiko, suna ɗauke da kayan da ba su san inda za su sauke ba.

Kuskure na fari: "Ba komai"

Finny ya ƙi jin furcin abokinsa domin yana ƙaunarsa, kuma ba zai iya rayuwa da sanin cewa amininsa ne ya nakasa shi ba. Ba mugunta ba ce. Amma sakamakonta shi ne ya kulle Gene cikin laifinsa, ya kuma kulle kansa cikin ruɗi.

Mu ma muna da wannan hali, har mun ɗauke shi ladabi. Mutum ya tattara ƙarfin halinsa na wata da watanni, ya zo ya durƙusa, kafin ya kai tsakiyar magana mun tare shi da "ba komai", "ya wuce", "a bar wa Allah". Sai ya tashi ya tafi da kayansa yadda ya zo da su, mu kuma mu ci gaba da riƙe shi a zuci. A cikinmu akwai ƙarin dalili. Mu 'yan kaɗan ne a garuruwan da muke zaune, majami'a ɗaya sau da yawa gida uku ne ko huɗu, duk dangin juna. Muna tsoron kada magana ta fita a yi da mu a gari, a ce ga masu cewa suna bin Almasihu. Saboda haka muka gwammace a rufe tun ba a buɗe ba.

Mu tuna da Yahuza Iskariyoti. Ya yi nadama, ya mayar da azurfa 30 ɗin, ya furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi. Shugabannin addinin da ya je wurinsu suka nuna masa ba ruwansu, matsalarsa ce. Daga nan ya fita ya rataye kansa (Matiyu 27:3-5). Ba muna wanke Yahuza ba ne. Muna cewa ne mutumin da ya furta laifinsa bai sami mai karɓa ba yana cikin hatsari babba. Dawuda ya kwatanta kwanakin da ya yi shiru da zunubinsa da ciwon da yake cin ƙasusuwa (Zabura 32).

Gafarar gaskiya takan kira laifi da sunansa tukuna. Yusufu bai ce wa 'yan'uwansa ba komai ba. Ya gaya musu a fili cewa mugunta suka nufa, sannan ya nuna musu yadda Allah ya juya ta ta zama alheri, ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su (Farawa 50). Mutanen nan sun ɗauki laifinsu fiye da shekara 20 kafin su sake haɗuwa da shi a Masar, da wahala ta same su kuwa, abin da suka fara tunawa shi ne kukan ƙanensu (Farawa 42:21). Tsawon lokaci ba ya wanke laifi.

Kuskure na biyu: kotun Brinker

Brinker bai yi ƙarya ba. Abin da ya tono gaskiya ne. Amma bai taɓa zama da Gene su biyu da niyyar taimakonsa ba, bai kuma tambayi kansa ko Finny zai iya ɗaukar abin a gaban jama'a ba. Gaskiya yake nema don a rufe shari'a, ba don a ceci mutum ba. Abin lura kuma, wanda kotun ta kashe ba mai laifin ba ne, wanda aka cuta ne.

Iyayenmu dattawa, ku yi mana haƙuri mu faɗa: wani lokaci horon da muke yi ya fi kama da kotun Brinker fiye da koyarwar Ubangiji. Magana takan tashi daga jita-jita ta faɗa majalisa, daga majalisa ta hau bagade a sanarwar Lahadi, ba wanda ya taka zuwa gidan mutumin. A mai da shi bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji, ba a faɗa masa ranar da horon zai ƙare ba, ba kuma mai leƙa shi. In yarinya ce ta yi ciki, ita ake tsayarwa a gaban jama'a domin nata laifin ba ya ɓoyuwa, namijin kuwa yana zaune ko ya bar gari. Sau da yawa tsoron bakin mutanen waje ne yake sa mu tsananta, don a ga ba ma wasa da zunubi. Ashe rufa-rufa da tonon silili uwarsu ɗaya: idon mutane muke dubawa.

A babban birni wanda aka kunyata yakan koma wata majami'a. A ƙauyukanmu babu wata majami'ar. In ya fita, sau da yawa ya fita ke nan, shi da 'ya'yansa. Mu lissafa gidajen da muka rasa ta wannan hanya, mu tambayi kanmu ko zunubinsu ne ya kore su ko yadda muka riƙe shi.

Hanyar da aka ba mu

Ubangiji bai bar mu cikin duhu ba. A Matiyu 18:15-17 ya jera matakai: a fara da mutum biyu su kaɗai, in bai ji ba a ƙara ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai ga ikkilisiya. Manufar tun daga matakin farko ita ce a maido da ɗan'uwa. Bulus ya ce masu ruhaniya su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, suna lura da kansu (Galatiyawa 6:1). Shi da ya umarci Korantiyawa su hori mai zunubi, shi ne kuma ya roƙe su su yafe wa wanda aka hora, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Yesu kuma ya tambaye shi sau uku a bakin teku, ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yahaya 21). Bai yi kamar ba abin da ya faru ba, bai kuma wulakanta shi ba.

Saboda haka muna roƙon dattawa da fastoci da shugabannin zumunta abubuwa biyar.

Na fari, in mutum ya zo furta laifi, a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Kada a rage masa laifin, kada kuma a ƙara masa.

Na biyu, kada a ce sai ya tabbatar ko da gangan ya yi ko da kuskure kafin a karɓe shi. Wani lokaci shi ma bai sani ba. Ya isa ya ce, "Ni na yi, kuma zuciyata ba daidai take ba."

Na uku, a riƙe amana. Abin da aka faɗa wa dattijo a ɗaki kada a ji shi a bakin rijiya. Furci ɗaya da ya fita waje yakan rufe bakin mutum goma.

Na huɗu, in horo ya zama dole, a sa masa iyaka, a naɗa wanda zai riƙa ziyartar mutumin yana addu'a da shi, a kuma karɓe shi a fili kamar yadda aka hore shi a fili. A auna mace da namiji, mai kuɗi da talaka, da mudu ɗaya.

Na biyar, kada a fake da wannan magana a danne wanda aka cuta. Tuba tana tafiya da biyan hakki, kamar yadda Zakka ya yi (Luka 19). Wanda ya ci kuɗin ikkilisiya ya mayar. Laifi irin na lalata da yara kuwa, ko wanda ya sa ran wani cikin hatsari, ba na rufewa a ɗaki ba ne. A kāre wanda aka cuta tukuna, a kai maganar ga hukuma, sannan a ci gaba da neman ran mai laifin.

Ga sauranmu kuma, mu kama hassada tun tana ƙarama. Kafin Kayinu ya taɓa Habila, Allah ya gargaɗe shi a kan abin da yake fako a ƙofar zuciyarsa (Farawa 4). Saul ya fara sa wa Dawuda ido ne daga ranar da mata suka yabe shi fiye da shi (1 Sama'ila 18). Gene ya yi makonni yana zargin abokinsa, alhali tambaya ɗaya ta isa ta kashe zargin. Hausawa sun ce zato zunubi. In kana jin ɗaci duk lokacin da aka yabi wani a majami'a, reshen ya riga ya fara motsi. Je ka same shi tun yau.

Inda littafin ya tsaya

Knowles ya gano ciwon sarai: ta bakin Gene ya nuna cewa yaƙi daga cikin zuciyar mutum yake farawa. Amma maganin da yake da shi kaɗan ne. Gene ya sami gafarar abokinsa sa'o'i kaɗan kafin abokin ya mutu, sauran salamar kuma shi ya ƙulla wa kansa, shi kaɗai. Mu an ba mu abin da ya fi wannan. Akwai wanda ya ɗauki zunubanmu a jikinsa a kan gicciye (1 Bitrus 2:24), akwai kuma alkawarin gafara da tsarkakewa ga duk wanda ya furta (1 Yahaya 1:9). An kuma umarce mu mu furta wa juna, mu yi wa juna addu'a domin mu warke (Yakubu 5:16). Wannan umarni ba zai yiwu ba in babu kunnen da zai saurara.

Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, bari kowannenmu ya yi wa kansa tambaya biyu. Akwai wanda na girgiza wa reshe ban taɓa faɗa masa ba? Akwai kuma wanda ya zo zai faɗa mini, na rufe masa baki? In akwai, Ubangiji ya ce a fara shiryawa da ɗan'uwa kafin a miƙa baiko (Matiyu 5:23-24).

Allah ya ba mu ƙarfin halin furtawa, da haƙurin saurare, ya kuma sa ikkilisiyoyinmu, komai ƙanƙantarsu, su zama biranen mafaka. Amin.